Sunan Zariya ga 'ya mace: yadda za ka bi diddiginsa kafin ranar suna

'Ya'ya mata biyu tarihin Zazzau ya fi ambata wa Bakwa Turunku, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na da: Amina da ƙanwarta Zariya. Sunan babbar, babu lungun da za ka shiga a Kwarbai ko Tudun Wada ka ƙwala kiransa ba a amsa maka daga gida biyu ko uku ba. Na ƙaramar kuwa gari ne ya ɗauke shi ya riƙe. Sai mutum ya shekara yana halartar suna a cikin birni bai ji sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan jaririya Zariya ba.

Yanzu da iyaye matasa suka shiga farautar sunan da ba kowa ke da shi ba, wasu sun fara waiwayarsa, galibi bayan sun gani a waya an rubuta wai Larabci ne, wai ma'anarsa fure. Wannan fassarar ba ta da tushe. Sunan yana da kyau, ana kuma iya sa shi, amma sai ka san abin da ka ɗauko da wuraren da yake sa tuntuɓe. Hanyar da za mu bi da shi a nan, ita ce dai za ka bi da duk wani baƙon suna da ya burge ka.

Ka fara aikin tun ciki yana wata bakwai. A gidaje da yawa ranar da aka haihu ake yi wa jariri huɗuba, a raɗa masa sunansa a kunne. Ranar suna bayyanawa kawai ake yi. Wanda ya bari sai an haihu, ga asibiti, ga 'yan barka, ga cinikin rago, ba bincike zai yi ba, abin da waya ta ce masa shi zai ɗauka. In kunya ta hana a yi zancen sunan abin da ke ciki a fili, sai a yi shi tsakanin miji da mata.

Baƙaƙe tukuna, kafin ma'ana

Duk sunan da aka ce maka Larabci ne, abu na farko a rubuta maka shi da baƙaƙen Larabci, ba da boko ba. Kalmar Larabci daga saiwa take tsirowa, yawanci mai baƙi uku, kuma ma'ana saiwar take bi. Mu kuwa bakinmu ya haɗe baƙaƙe uku ya mai da su z guda: zaira (ز), zalun (ذ) da zadi (ظ). Shi ya sa kalmomin da ba su haɗa komai ba a wurin Balarabe sukan fito daga bakin Bahaushe kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Samu takarda ka jera kalmomin da ake jingina wa Zariya, ka dubi baƙaƙensu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko Zahra (زهرة), ita ce fure. Saiwarta zaira, ha babba, ra. Daga wannan saiwa aka samu Zahra'u, laƙabin Nana Faɗima, wato mai haske. Daga nan kuma aka samu Zara, tauraruwar nan da muke wa kirari da matar wata. To, nemi ha a cikin Zariya. Babu ita. Wanda yake son 'yarsa ta zama fure, ya sa mata Zahra kai tsaye, ba sai ya bi ta bayan gida ba.

Ta biyu Zariyat (الذاريات), sura ta 51 a Alƙur'ani, mai aya 60. Zalun ne a farkonta, ba zaira ba, kuma iskoki take nufi, masu sheƙe ƙura su watsa ta. Wasu iyaye da zarar sun ji kalma tana cikin Alƙur'ani sai su ga magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kamannin lafazi bai isa hujjar dangantaka ba, sannan akwai malaman da suka karhanta sa wa yara sunayen surori. An ruwaito Imamu Malik ya karhanta sunan Yasin. Zuriya (ذرية) ma zalun ce, kowa kuma ya san ma'anarta, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne.

Ta ƙarshen ita ce abin tsoro, kuma da wuya ka ji an ambace ta. Akwai kalmar da ake rubutawa da zaira, ra, ya mai shadda da ta kuri (زرية). Daga saiwar raini ta fito, ma'anarta abar rainawa, wulaƙantacciya. Malamin Islamiyya ya tambayi yarinya sunanta, ta ce Zariya, ya sunkuya ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, ya tsallake alif: a kan wannan kalmar zai sauka, kuma ita za a kwafa a shahadar sauka a rataye a falo. Maganinsa ka tsayar da rubutun Larabcin da kanka tun farko: زاريا, alif bayan zaira, alif a ƙarshe, yadda ake rubuta sunan birnin. Ranar da za a kai ta makaranta, a kai har da shi a rubuce.

Wanda ya ga kamar an tsananta, ya tuna Asiya. Da boko suna ɗaya ne. Da Larabci biyu ne: آسية matar Fir'auna, mace ta gari da ake koyi da ita, da kuma عاصية, mai saɓo, sunan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa 'yar Sayyadina Umar ya mai da ita Jamila. Baƙi biyu ne suka raba su.

Sauran ma'anonin da za ka ci karo da su na wasu al'ummu ne. A Rashanci akwai kalma mai kama da wannan da ke nufin ketowar alfijir, ita aka sa wa sashen farko na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da aka harba a Nuwamban 1998. A Ibrananci akwai Azariya, sunan namiji a Tsohon Alkawari, wato Ubangiji ya taimaka. 'Yan'uwa Kiristoci na Wusasa sun san shi. A Farisanci zar zinariya ce, daga nan Zarina. Idan ka ga an ba suna ɗaya ma'ana huɗu daga harshe huɗu, ba asalinsa aka gaya maka ba, masu kama da shi aka tsinto aka zuba a kwando ɗaya.

Asalinsa na gida ne

A wurin ɗan Zazzau, sunan ba ya bukatar aro. Jerin sarakunan Zazzau na Haɓe ya sa Bakwa Turunku a matsayi na 22, wajen shekarar 1536. Ruwayoyi sun saɓa ko namiji ne ko mace, amma sun taru a kan 'ya'yan. Mazaunin mulki a lokacin Turunku ne, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Igabi, daga baya aka tashi aka dawo wajen dutsen Kufena, aka kira sabon birnin da sunan ƙaramar 'yar.

Amina ta samu shiga littattafai. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Lissafin da ya fi yawo a makarantu kuma ya ce ta hau mulki a 1576 bayan ɗan'uwanta Karama, ta shekara 34. Ka ga tsakanin lissafin Kano da na Zazzau akwai fiye da shekara ɗari. Kada ka rubuta wa 'yarka wata shekara a jikin hoto ka ce ita ce tabbas. Labarin Zariya kuwa a bakin mutane ya fi zama, ba a takarda ba.

Ka kuma rarrabe sunaye biyu da baƙi kan cakuɗa. Zazzau ita ce ƙasa da masarauta. Marubuta da Larabci sun kira ta Zakzak, matafiyin nan Hasanul Wazzan na ƙarni na 16 ya rubuta Zegzeg. Daga ita ake cewa Bazazzagi, Bazazzagiya, Zazzagawa ko Zage-zagi. Zariya birnin ne, sai Turawa suka shimfiɗa sunan a kan lardi duka.

To in an tambaye ka me sunan ke nufi, me za ka ce? Irin waɗannan sunaye na da, su Daurama, su Bakwa, ba fassara su ake yi kamar Jamila ko Sadiya ba. Takwara ake yi da su. Amsar ita ce: sunan 'yar Bakwa Turunku ne, ƙanwar Sarauniya Amina, wadda birnin ya ci sunanta. Wannan ta fi fure nauyi, kuma babu malamin Larabcin da zai ƙaryata ka a gaban mutane.

Mai son ya gani da idonsa, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ga sashen Tarihi da na Harsunan Afirka, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga dattawan fada. Ƙa'ida ɗaya: ka ji daga majiya biyu da ba ɗaya ce ta kwafa daga ɗaya ba. Mutum goma da suka karanta rubutu guda, majiya ɗaya ce.

Gwajin kunne

Nan ne sunan ya fi rauni, kuma nan iyaye suka fi tsallakewa, don a rubuce suka ƙaunace shi, ba su taɓa jin sa a bakin yaran unguwa ba.

Buɗe ƙamus na Hausa, ko na Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006, ka duba maƙwabtan kalmar. Za ka tarar da zariya, wato zariyar wando, mazagi. A magana akwai ɗan bambanci, don sunayen mutane da garuruwa a Hausa sun fi ƙarewa da gajeren wasali, gama-garin kalmomi kuma a ja ƙarshensu, kamar Azumi da azumi. Amma boko ba ya nuna wannan, ɗan aji uku kuma ba ruwansa da tsawon wasali. Ranar da ta yi faɗa da wata a makaranta, za ta ji an ce zariya ta tsinke. Kusa da ita akwai zarya, kai-komo, irin na mai bin bashi ko mai ciwon ciki. Saboda haka rubutun Zarya, komai kyansa a idonka, ka bar wa Rashawa.

Sai gutsurewa. Babu suna mai gaɓa uku da Hausawa za su bar shi cikakke: Hadiza ta koma Dije, Maryamu Mairo, Asma'u Ma'u, Hauwa'u Kulu. Yanka Zariya ta gaba, ka samu Zari, wato haɗama. Yanka ta baya, ka samu Riya, aikin ganin ido, abin da malamai ke wa'azi a kai kullum. Duk biyun ba na sa wa 'ya ba ne. Mafita ɗaya ce mai daɗi, Zara, kuma ba ta zuwa da kanta, sai an dasa ta tun yarinya tana zanin goyo.

Ga yadda ake gwajin, ba ya cin rabin awa. Uwa ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala kiran sunan sau uku, da irin muryar da ake kiran yaron da ya daɗe a aike. A sa tsohuwa ta faɗe shi, don bakin kaka shi ke nuna yadda suna zai lanƙwashe. A sa yara biyu ko uku 'yan shekara biyar zuwa bakwai su maimaita, a yi shiru a ji abin da za su haɗa shi da shi. Abin da ya fara ba su dariya, shi za a tsokane ta da shi. Daga nan a jefa sunan cikin maganganun yau da kullum: Zariya ta cika, an ɗauke wuta a Zariya, gobe zan kwana a Zariya. Na ƙarshen nan ka saurare shi da kyau a bakin namiji, ka tuna wata rana budurwa za ta zama.

Ka kuma kawo tasha a ranka. A Kawo ta Kaduna ko Unguwa Uku ta Kano, ɗan kamasho yana dukan bayan mota yana cewa Zariya, Zariya, saura mutum ɗaya. Duk ranar da ta bi ta nan sai ta waiga. Wannan ba aibi ba ne, Madina ma haka take fama a lokacin aikin Hajji. Kakanni da taubasai kuwa ko wane suna ka sa sai sun samu abin wasa. Abin dubawa shi ne ko tsokanar ta wasa ce da za a yi dariya a wuce, ko mai sa yarinya ta ɓoye sunanta. A ganinmu zancen tasha na wasa ne, Zari da Riya ne ba a sakaci da su.

Yawansa: ƙirga da kanka

A Amurka hukumar fansho da tallafin jama'a tana fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara, lissafin ya koma har 1880, kuma ba a sa sunan da bai kai yara biyar ba. A can Zaria ya shiga cikin sunaye dubu na 'yan mata da aka fi sawa a tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da ake nuna wani wasan barkwanci na talabijin a kan wani iyali baƙar fata, daga 1995 zuwa 1999, wanda 'yar gidan take da wannan suna. Daga baya Zariah da Zariyah suka biyo. Kowane rubutu daban ake ƙirga shi, don haka sai ka tara su kafin ka san ainihin yawan. A Holan ma, 'ya ta biyu ta Yarima Friso, ɗan tsohuwar Sarauniya Beatrix, wadda aka haifa a 2006, Zaria ake kiranta. Abin ban dariya, da alama an fi samun mai sunan a ƙetaren teku fiye da cikin ganuwa.

A nan gida babu jerin shekara-shekara irin wannan, sai ka yi naka. Nemi izinin shugabannin makarantu uku: Islamiyyar unguwarku, firamare ta gwamnati, da wata mai zaman kanta ta wani ɓangaren gari, misali ɗaya a birni ɗaya a Samaru, don ɗanɗanon iyaye ya bambanta. Sunan farko na 'yan mata kaɗai za ka ɗauka, ba ka bukatar na uba. Ka tara kamar 500, ƙasa da haka sa'a ce za ta yi maka lissafi. Ka haɗe rubuce-rubucen suna ɗaya wuri guda, Khadija da Hadiza da Dije duk gida ɗaya ne. Ƙananan azuzuwa su ke nuna abin da ake yayi yanzu, manya kuma na shekara goma baya. Za ka ga Faɗima, A'isha, Hadiza, Maryam, Zainab, Hauwa'u da Amina sun cinye rabin takardar tun ba ka yi nisa ba.

Kuskuren da ake yi a wannan ƙirga shi ne lissafa Zariyar da ke ƙarshen suna. Haka in ka nema a Facebook, tulin maza za su fito maka, kowa da sunan garinsu a bayan nasa. Waɗannan ba sa cikin lissafi.

Dalilin ƙarancinsa ba ɓoyayye ba ne. Sunan yanka a wurinmu daga rumbun Musulunci ake ɗebo shi, matan Annabi da 'ya'yansa da sahabbai mata. Amina ta tsira ne don sunanta ya dace da na mahaifiyar Annabi, ƙanwarta ba ta samu wannan inuwar ba. Ga kuma al'adar takwara da ke juya sunaye kaɗan a cikin dangi, kaka ta ba jika, jika ta ba tata jikar. Na uku, sunan gari a wurinmu ya riga ya samu aiki: shi ke zama a bayan suna.

Zaure da cikin gida

Kada ka je wa malami da tambaya a dunƙule, wai ya halatta ko bai halatta ba. Tafi da takardar nan taka. Bayan gaisuwa ka ce: "Allah ya gafarta Malam, iyali ne ke da juna biyu. In Allah ya sauke ta lafiya aka samu mace, muna sha'awar wannan suna. Ga yadda za mu rubuta shi, ga kuma kalmomin da muke gudun a cakuɗa shi da su." Malamin da ya ga ka yi aikinka zai ba ka amsa mai kan gado. Abin da zai auna sananne ne: kada ma'ana ta yi muni, kada ta zama yabon kai irin Barra da Annabi ya canza ta koma Zainab, wata Barrar kuma ta koma Juwairiyya, kada kuma ta nuna bauta ga wanin Allah. Sunan wuri ba baƙon abu ba ne, ga Madina, ga Safa, ga Marwa a azuzuwan Islamiyya.

Cikin gida ya fi zaure wuya. In 'yar fari ce, akwai mai jiran takwara, mahaifiyar miji ko ta mata, kuma tsallake ta kan bar tabon da ya fi daɗin suna daɗewa. Amma dubi inda ƙofa take: wadda aka sa wa sunan kaka ba a kiranta da shi saboda alkunya, dole a nemo na kira, shi ya sa gidaje suka cika da Ummi, Mama, Walida da Hajiya ƙarama. Wannan gurbin Zariya za ta shiga ba tare da an ɓata wa kowa ba. Miji ya samu mahaifinsa ya ce: "Baba, in mace ce Inna za a yi wa takwara, sai dai muna so a riƙa kiranta Zariya." Da wuya dattijon Zazzau ya ƙi wannan.

Shawararmu ke nan ko da ba takwara: sunan yanka daga sanannun sunaye, Zariya ta biyo baya a matsayin na biyu, a kuma rubuta ta a takardu don kada ta tsaya a laƙabi. Wanda ya nace ta zama sunan yanka ita kaɗai, ya halatta masa, sai dai ya ninka kula a wajen takardu.

Laƙabi kuma ba a ƙofar gida ake kafa shi ba, a ɗakin mai jego ne, cikin kwana bakwan farko. A lissafin Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa in an haihu bayan alfijir, don haka wadda aka haifa Talata da hantsi, Talata mai zuwa ne sunanta. Kwana bakwai cur mata suna shiga suna fita, kowa na ɗaukarta, dole a kira ta da wani abu. In ba ka ba su suna ba, za su ce Talatu, ko Kande in maza ta biyo, ko Azumi in watan ne, ko kawai Bebi, kuma wanda ya riga kama baki shi ke zama. Tun ranar farko a sanar da gwaggo ko tsohuwar da ke kula da wankan jego, ita ce gidan rediyon. Da safen suna, kafin a yanka rago, a rubuta sunayen biyu a takarda biyu, ɗaya ga liman ɗaya ga sanƙira. In da baki aka faɗa cikin hayaniyar rabon goro da dabino, liman zai ji Zahra'u ko Juwairiyya, don su kunnensa ya saba da su, kuma abin da ya faɗa aka shafa fatiha a kai shi jama'a za su tafi da shi.

Takardu

Zaɓi rubutu ɗaya. A ƙa'idar rubutun Hausa i da a ba sa haɗuwa ba baƙi a tsakani, shi ya sa muke rubuta Zariya, Turanci kuma Zaria. Ga 'yar mutum mun fi son Zariya da y, don ya ɗan raba ta da yadda ake buga sunan garin a takardun hukuma. Ƙarin h a ƙarshe ado ne da wani zai sa wani ya manta. Sunan yana da sa'a guda: babu ƙ, ɗ ko ɓ a ciki, babu kuma ɗigon nan na sama da ke sa kwamfuta ta ƙi karɓar Asma'u da A'isha.

Babbar matsalar jeri ce. Tun zamanin makarantun lardi ake rubuta ɗalibi da sunan garinsu, shi ya sa muka saba da Aminu Kano da Shehu Shagari. Idon ma'aikacin rajista ya riga ya horu a kan haka. Ka ce masa Zariya Ibrahim, fom kuma ya fara da gurbin sunan iyali, sai hannunsa ya gyara maka abin da yake gani kuskure ne: ta fita a matsayin Ibrahim Zariya, wani lokaci har a cika mata gurbin jinsi da namiji. Ko kuma ya zaci garin haihuwa ka faɗa, ya kai kalmar can ƙasa, ya ɗago yana jiran suna. In sunan yana tsakiya, kamar Faɗima Zariya Ibrahim, na farkon ya riga ya nuna mace ce, na ƙarshen ya toshe gurbin iyali. Abin da za ka guje shi ne barin sa a ƙarshe, ko ƙara sunan gari a baya har ta zama Zariya biyu a layi ɗaya.

Doka ta ce a yi rajistar haihuwa cikin kwana 60, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayar da takardar. Abin da aka rubuta a nan shi za a kai wajen yin lambar NIN, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, sunan da ke jikinta shi ke fitowa yadda yake. In ya saɓa da na WAEC ko NECO ko na banki, gyaran sai da takardar rantsuwa ta kotu, sau da yawa har da sanarwa a jarida, ga kuɗi ga zarya, a daidai lokacin da yarinya ke neman gurbin karatu.

Don haka ka je da sunan a rubuce da manyan baƙaƙe, layi uku, kowanne da bayaninsa a gefe: sunan farko, na tsakiya, na iyali. Miƙa takardar, kada ka yi shifta. Hotonta ya zauna a wayarka da ta uwar, ita za a nuna a katin rigakafi, a nazare, a firamare. Kafin ka tashi daga gaban tebur, karɓi abin da aka cika ka karanta gurbi huɗu da yatsa a kai: sunan farko, sunan iyali, jinsi, da wurin haihuwa. In a Zariya aka haife ta, kalmar za ta fito sau biyu a takardar, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Tabbatar ta saman tana da y ɗinta.